Rezo Tsakanin Rai da Mutuwa: Waiwaye Kan Igiyar da Ta Haɗa Kamaru da Chadi

A kasuwar Kuseri, garin Kamaru da ke kan iyakar Chadi, in ka tambayi labarin rezo, wato layin sadarwar waya da intanet, amsar da ka fi ji ita ce, "Akwai shi, amma ba ya ja." Na ga wani dattijo mai albasa ya ɗaga waya sama, sanduna huɗu cif, saƙon muryar da ya tura Garwa yana ta juyawa har aka kira la'asar. Yaronsa ya ce, "Baba, a bari sai dare, yanzu mutane sun yi yawa a kai." A lissafin da ya san "akwai" da "babu" kaɗai, ranar lafiya lau ta wuce. Shi kuwa dattijon ciniki ya kuɓuce masa.

Chadi ba ta da teku, alhali intanet ta ƙarƙashin teku yake zuwa. Igiyar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna SAT-3, wadda ta sauka a Duwala ta Kamaru, ta fara aiki a 2002. A 2003 aka kammala bututun mai daga Doba ta Chadi zuwa Kiribi ta gaɓar Kamaru, kimanin kilomita 1,070, aka kuma shimfiɗa igiyar faiba mai ɗaukar intanet a gefensa. Wannan ce ta zama tushen haɗa kudancin Chadi da gaɓar Kamaru. Daga baya igiyar teku ta WACS ta sauka a Limbe, a 2018 kuma igiyar SAIL ta haɗa Kiribi da Fortaleza ta Brazil. Ƙofofin teku sun ƙaru, amma hanyar arewa tana nan da tsawonta, ruwan damina na zaizaye ta, motar aikin titi na iya tsinka ta. Chadi ta buɗe wata ƙofa ta Adre zuwa Sudan, sai yaƙin da ya ɓarke can a Afrilun 2023 ya sa ita ma ba abin jingina ba ce.

Masana lissafin dogaro da na'urori sun daɗe da gane cewa "tana aiki" da "ta mutu" ba su isa awo ba. Tun wajajen 1978 suka fara tsara lissafin da ke ba kowace na'ura matakai: cikakken ƙarfi, rabi, ɗan abin da ya rage, mutuwa. Tambayar ta koma: sau nawa layin yake iya ɗaukar nauyin da ake buƙata? Layin da ke aiki kashi 99 cikin 100 yana kwance fiye da kwana 3 a shekara. Ka jera irinsa biyu, ɗaya na bin ɗaya, ya sauka kusan 98. Ka ajiye su a hanyoyi daban-daban, ya kai 99.99. Sai dai fa da sharaɗi: kada su kwana a rami ɗaya. Abin da ya faru ke nan ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka lalace lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet bai mutu ƙurmus a Kamaru ba, rarrafe ya koma yi.

Akwai kuma matakin da hannun mutum ke jawowa. Daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a Chadi, wata 16. Kira na shiga, amma ɗan kasuwar Injamena sai ya ƙara kuɗin data a kan VPN, manhajar kauce wa toshiyar, kafin ya ga hoton kayansa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne talaka kuɗin cikakken rezo yake biya, ko da rabi ya samu. Ina so hukumomin kula da sadarwa, ART ta Kamaru da ARCEP ta Chadi, su riƙa fitar da awo gari-gari: awa nawa Marwa, Kuseri da Mundu suka samu cikakken ƙarfi a wata, awa nawa suka yi rarrafe, kuma a wane gari ne hanyoyin igiya biyu suke haɗuwa a rami ɗaya.