Waiwaye: Yadda hutun haihuwa a Amurka ya tsallake masu aikin manhaja

Shekaru ke nan ana kai ruwa rana a Amurka kan direbobin da ke ɗaukar fasinja ta manhajar waya da masu kai wa mutane abinci a kan keke. Ma'aikata ne, ko masu zaman kansu? Mai bin labarin daga nesa zai ɗauka wayar salula ce ta haifar da rigimar jiya-jiya, alhali tushenta ya haura shekara 80.

Ɗauki wani magidanci a unguwar Bronx ta birnin New York, cikin 'yan Afirka ta Yamma da suka yi yawa a wannan sana'a. Matarsa ta sauka daren Talata. Maƙwabcinsa mai aikin albashi, da shi ne aka yi wa haihuwar, dokar jihar ta ba shi hutun mako 12 ana biyansa kashi 67 cikin ɗari na albashinsa, zuwa wani iyaka. Shi kuwa ran da ya kashe manhaja, ran nan kuɗi ke tsayawa. Babu gwaggo ko kaka a kusa da za ta zo zaman jego, ga kuɗin haya ba ya jiran arba'in. Ranar suna ma sai ya ƙirga awannin da zai rasa. Abin da ya raba su takardar haraji ce: ɗaya W-2 ake ba shi, ta ma'aikaci, ɗaya 1099, ta ɗan kwangila.

Abin da kowa ya sani ba shi da tsawo. Manyan dokokin ƙwadago na 1935 da 1938 sun kawo fansho, inshorar rashin aiki da mafi ƙarancin albashi, ba su ce komai kan hutun haihuwa ko jinyar iyali ba. Sai a Fabrairun 1993 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar tarayya mai ba da hutun mako 12, shi ma babu biya, kuma sai a ma'aikatar da ke da mutum 50 zuwa sama, ga wanda ya shekara yana aiki ya cika awa 1,250. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na ma'aikata ba su cika waɗannan sharuɗɗan ba. Maganar biya aka bar wa jihohi.

Yawancin masu ba da tarihin daga nan suke tsallakawa zuwa dokar biyan hutun iyali da Kalifoniya ta yi a 2002. A ganina sun baro gini tun ran zane, domin zanen a 1942 aka yi shi, a Rhode Island, jiha mafi ƙanƙanta a ƙasar, wadda masaƙu suka riƙe a wancan zamani.

Matsalar da ke gabansu ba ta haihuwa ba ce. Ma'aikacin da ya ji ciwo a bakin aiki yana da diyya. Wanda ya rasa aiki yana da inshorar rashin aiki, amma da sharaɗin lafiyarsa lau, a shirye yake ya koma aiki gobe. To wanda zazzaɓi ya kwantar a gida fa, ko wanda ya karye a hanyar kasuwa? Shi ba ya nan, ba ya can. A lokacin, Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aiki ya wadata, asusun rashin aiki na ta cika babu masu karɓa, kuma a jihar har ma'aikata da kansu ke zuba kuɗi a ciki. Sai aka karkatar da wani kaso na abin da ake yanka a albashinsu zuwa sabon asusu na jinya. Dabara ce mai kyau, ba na jin wani zai musa. Babu sabon haraji a kan masu masana'antu, kuɗin ma'aikaci ne ke dawo masa ran da ya kwanta. A 1946 dokar tarayya ta halatta wa jihohin da ma'aikatansu ke zuba irin wannan kuɗi su yi amfani da shi ta wannan hanya. Kalifoniya ta kafa nata asusun a shekarar, New Jersey a 1948, New York ta fito da nata tsarin a 1949. Daga nan abin ya tsaya cik, in ban da Puerto Rico da Hawaii a ƙarshen shekarun 1960.

Mata ma da ƙyar suka samu shiga. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa Kalifoniya ba ta saɓa wa tsarin mulki ba da ta cire juna biyu daga asusunta. Bayan dokar tarayya ta 1978, wadda ta hana nuna wa mai ciki bambanci a wurin aiki, haihuwa ta zauna daram cikin abin da waɗannan asusun ke biya.

Yanzu duba jerin jihohin da suka fara biyan hutun iyali: Kalifoniya a 2004, New Jersey a 2009, Rhode Island a 2014, New York a 2018. Su ne dai huɗun nan na shekarun 1940, babu baƙo ko ɗaya. Ofishi yana nan, hanyar yankar kuɗi tana nan, ɗaki kawai aka ƙara a tsohon gida. Jihar Washington da ba ta da irin wannan asusu ta yi dokar hutun iyali tun 2007, amma ba a samo kuɗin gudanar da ita ba, sai da aka sake sabuwa a 2017, aka fara biya a 2020.

Gadon nan fuska biyu gare shi. Shi ya sa haƙƙin ya bi iyakar jiha, har mai jego a wannan gaɓar kogi ta samu, ta wancan gaɓar ta rasa. Shi ne kuma ya ɗaure haƙƙin a jikin takardar albashi. Asusun da ke rayuwa da yankan albashi bai san mutumin da ba a yi masa albashi ba.

A daidai waɗancan shekaru na 1940 aka ja ɗaya layin, wanda ya raba ma'aikaci da ɗan kwangila. A 1944 Kotun Ƙolin Amurka ta duba ƙarar masu sayar da jaridu a titunan Los Angeles, waɗanda yawancinsu magidanta ne masu tsayawa a kusurwa ɗaya kullum, ana tsara musu farashi da wurin tsayawa. Kotun ta ce a duba gaskiyar zaman, wa ke dogaro da wa, ta kuma ɗauke su ma'aikata. Dokar ƙwadago ta 1947 ta zo ta fitar da 'yan kwangila masu zaman kansu daga ma'anar ma'aikaci. Cire jarida ka sa ledar abinci, cire kusurwar titi ka sa taswirar waya, gardamar ita ce dai.

Saboda haka da manhajojin suka bazu bayan 2010, sun tarar da ƙofar a yadda take. Abin da ya biyo baya faci ne kan faci. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta tsaurara gwajin tantance ɗan kwangila a 2018, jihar ta mai da shi doka a 2019, sannan a Nuwamban 2020 masu zaɓe kusan kashi 59 cikin ɗari suka amince a bar direbobin manhaja a matsayin masu zaman kansu tare da wasu 'yan alawus. Kotun ta tabbatar da wannan ƙuri'a a Yulin 2024. Birane ma sun yi nasu. San Francisco ce ta fara tilasta hutun rashin lafiya mai biya bayan ƙuri'ar 2006. Seattle ta ba masu aikin manhaja irin wannan hutu a 2020 lokacin korona, ta mai da shi na dindindin a 2023. New York ta sa wa masu kai abinci mafi ƙarancin dala 17.96 a awa a ƙarshen 2023. Amma ikon birni yana ƙarƙashin na jiha: dokar hutun jinya da mutanen Milwaukee suka zaɓa a 2008, dokar jihar ta 2011 ta shafe ta, kuma jihohi da dama suna da irin wannan hani. Ko inda birni ya yi nasara ma, yawanci 'yan kwanakin jinya ne, ba makonnin reno ba.

Akwai wata 'yar taga da aka bari. Jihohi da yawa masu biyan hutun iyali sun yarda mai zaman kansa ya shiga tsarin don raɗin kansa, ya riƙa zuba kuɗi. Na so a ce ta wadatar, sai dai mutumin da ke lissafin cajin batir da kuɗin haya ba kasafai yake tuna inshorar haihuwar baɗi ba. A New York, wanda bai shiga cikin mako 26 na fara sana'arsa ba, sai ya yi shekara 2 yana biya kafin ya cancanci karɓar ko sisi. Magidancin nan na Bronx, in yau ya cike takardar, jaririn da aka raɗa wa suna zai yi tafiya har a yaye shi kafin ranar ta zo.