Me Ya Haɗa Tauye Mata da Talaucin Ƙasa? Tambayoyi daga Damagaram

Ta yaya barin mata a baya ke rage arziki?

Lissafi ne. Ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. In arzikin ƙasa ya ƙaru da kashi 5, rabon kowane mutum kashi 1 ne da ɗan ɗoriya. Ga shi kuma wani binciken 2012 ya nuna kashi 76 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Wadda aka cire daga lakwal tana fara haihuwa da wuri, sannan ko bashi da ribar sana'arta ba ta iya rubutawa. Don haka ne dokar Disamba 2017 ta ce a bar yarinya a karatu har shekara 16.

Ai mata suna noma?

Suna yi, amma dubi gonar. Gamanar mace galibi aro ce daga miji, sai an gama da gandu a shuka ta, taki kuwa ragowa. Wa zai zuba taki a filin da za a iya karɓewa baɗi? Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta a 2011 cewa da mata na samun kayan noma kamar maza, amfanin gonarsu zai ƙaru da kashi 20 zuwa 30. Musulunci ya ba ɗiya rabin rabon ɗa. A ba ta filinta, ba kuɗin sallama ba, a yi mata takarda wurin kwamitin filaye.

Jari fa, ina mai ƙuli-ƙuli za ta samo shi?

Daga asusu. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, yana tara mata kamar 25 zuwa 30. Kowane mako a yi zubi, akwatin na da kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku daban. A ba da rance, a biya da ɗan ƙari, ƙarshen zango a raba. Inda ake ɓaci: a ci rance a yi biki, ko a sayi gyaɗa a bazara da tsada, alhali da kaka ya kamata a aje buhu. Man da aka tatsa ya kai Kasuwar Dole ta Damagaram, uwar kuɗi ma ba ta fito ba.

Ruwa ya shiga maganar?

Ƙwarai. Matar da ta kai hantsi a layin famfo da bido, ranar ba suya, ba ciniki.