Abincin ƙarfe biyun dare a Garwa: a tambayi yaushe aka sauke tukunya

Duk wanda ya taɓa yin aikin dare a asibiti a nan Garwa, a arewacin Kamaru, ya san garin ba ya kwana gaba ɗaya. In na taso wajen ƙarfe biyu, nakan tarar da fitilu a kunne a bakin tashoshin mota: mai shayi na kaɗa ƙwai, mai tsire na juya nama, wata baiwar Allah kuma na zaune gefen manyan kulolin shinkafa da taliya. Masu cin nan galibinsu nema ne ya hana su barci. 'Yan acaba ne, da masu gadi, da direbobin tireloli da suka taso daga Ngaundere za su wuce Kuseri da Njamena, da fasinjojin da motarsu ta iso a makare, da irinmu ma'aikatan lafiya. Ni ma a nan nake ci. Saboda haka ba na cikin masu cewa a hana sayar da abinci da dare. Wanda ya wuni a kan mashin ba za a ce masa ya danne yunwa sai asuba ba.

Abin da ke damuna shi ne tukunyar da aka sauke tun azahar, ana ta ɗiba daga cikinta har tsakar dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin biyun nan, wato ɗumi-ɗumin da muke jin daɗin ci, nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasunsu suna ninka yawansu duk bayan kamar minti 20. To, ku duba garinmu. A watan Maris da Afrilu zafin rana na haura digiri 40, daren ma ba ya hucewa sosai. Kula kuwa ba murhu ba ce. Tana riƙe zafi na ɗan lokaci ne, kuma duk buɗewar da aka yi sai ya ragu. Firiji ma ba a cika dogara da shi ba a lokacin da ake yawan ɗauke wuta, musamman da rani in ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya.

Shinkafa ce ta fi yaudarar mutane, don ba ta nuna alama. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona, dafuwa ba ta kashe irinta. Da shinkafar ta huce ta daɗe a ajiye sai ta farfaɗo, ta zuba guba a ciki. Gubar nan ko an sake ɗumamawa ba ta mutuwa, kuma ba lallai a ji wari ko tsami ba. Mutum zai ci lafiya lau, cikin awa 1 zuwa 5 amai ya taso masa. Sau da yawa an kawo mana samari da asuba a galabaice, ɗan rakiya na cewa sammu ne ko iska. In na tambaya, "Me ya ci jiya da dare?" sai a ce shinkafa da miya a tasha. Taliya ma haka take. Sai mayonis da ya wuni a buɗe a kan tebur, da latas da tumatirin da ba a san ruwan da aka wanke su da shi ba.

Ruwa shi ne ɗaya matsalar. Mai abincin da ta ɗebo jarka biyu da yamma, kafin ƙarfe ɗaya ta kusa ƙarewa, sai a koma tsoma kwanuka a roba ɗaya, masu ci kuma su wanke hannu a kwano ɗaya. Ta nan taifot ke bi, shi kuwa sai bayan mako ɗaya zuwa uku yake bayyana, lokacin mutum ya manta inda ya ci. Ta nan kwalara ma ke bi. Manya ba su manta da shekarar 2010 ba, da ta kashe ɗaruruwan mutane a arewacin Kamaru.

Ɗan'uwa, in yunwa ta kama ka da dare, zaɓi abin da za a dafa a gabanka. Ƙwan da aka fasa kana gani aka soya har ya daskare, kifin Binuwai da aka sauke daga wuta yanzu, shayin da ke tafasa. Tsire in ya huce, ka ce wa mai shi ya mayar maka kan wuta har ya yi zafi ciki da waje. In shinkafa ranka ke so, babu rashin kunya a ce, "Hajiya, yaushe aka sauke?" Ka duba ko tururi na tashi. Ka sa a zuba maka ruwa daga buta ka wanke hannu da sabulu, ka ƙyale ƙanƙarar da ba ka san asalin ruwanta ba.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu masu sana'ar, na san gawayi da tsada, kuma zubar da abinci asara ce. Amma raba girkin gida biyu, ɗaya da yamma ɗaya bayan isha'i, ya fi babbar tukunya guda. Miya ta zauna a kan garwashi. Hannun da ke karɓar kuɗi kada ya taɓa nama. Wanda ke gudawa a cikin yaranku ya huta a gida har ya warke.

Akwai kuma masu cika ciki da maiƙo da yaji su miƙe a benci nan take, gobe su zo suna kukan olsa. Sau da yawa ƙwarnafi ne. A bar awa 2 ko 3 tsakanin ci da kwanciya. In ba hali, a ci kaɗan.

In amai da gudawa sun riga sun fara, kada a ruga wurin mai tallan magani a sayi kafso. A fara da ruwan gishiri da sukari: in babu na leda, lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da ana amai. Amma in gudawar ta zama fara kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini a ciki, ko idanu sun faɗa fitsari ya ɗauke, ko kuma yaro ne ko mai ciki ko tsoho, a taho asibiti a daren, ana ba shi ruwan a hanya. Kwalara na iya kashe babban mutum cikin 'yan awoyi, kuma akwai ma'aikaci a bakin aiki ko ƙarfe nawa ne.