Bindigar Gasa a Cikin Kayan Gado: Yadda Doka Ke Yanke Mata Ƙima

Akan samu a Kano magidanci ya rasu, a zo lissafin abin da ya bari, sai a tarar da wata doguwar akwati a ƙarƙashin gado ko a bayan sif. Idan aka buɗe sai a ga bindigar gasar harbi kwance cikin soso, da ɗan littafinta da makullan kwance ta, ko ƙwarzane babu a jikinta, domin marigayin ya sayo ta ne da niyyar shiga gasa amma Allah bai nufa ya harba ta ba. Tambayar da magada ke fara yi ita ce nawa za ta yi idan aka sayar, tun da rabon gado ba ya yiwuwa sai an san ƙimar kowane abu. Tambayar tana kan hanya, sai dai amsarta ba ta farawa daga kasuwa, domin kafin a san nawa bindiga za ta yi, dole a san wanda doka ta yarda ya saye ta.

Dokar da ke iko da wannan al'amari ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na F28. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya makamai da harsasai cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, saboda haka gwamnatin jiha ko masarauta ko kotun da ke rabon gado ba su da ikon halatta wa wani riƙe bindiga. Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne haramtattu, irin su masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu da bindigogin soja, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigogin farauta da na wasanni da masu aiki da iska, lasisinsu kuma yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku shi ne bindigar toka da danginta, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke kula da ita.

Abin da ke raba bindigar gasa tsakanin kashi na farko da na biyu shi ne faɗin bakinta, kuma a nan ne nake ganin mutane suka fi yin kuskure, domin suna duba kyan katako da sunan kamfani, su manta da ƙananan lambobin da aka zana a jikin bututun. Doka ta lissafa awo huɗu a matsayin na soja, wato milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da inci .303, sannan ta ce bindigar wasanni ita ce wadda awonta ba ya cikin waɗannan. Bindigar da ake gasar mita 50 da ita a wasannin Olamfik tana cin harsashin .22, wadda ake gasar mita 10 da ita kuma mai iska ce, mai awon milimita 4.5, duka biyun suna kashi na biyu. Amma bindigogin gasar dogon zango, irin waɗanda ake harbi da su a filin Bisley na Ingila, galibinsu .308 ne, wanda shi ne milimita 7.62. Irin wannan, ko da harsashi ɗaya tak take ci, kuma ba a ƙera ta don yaƙi ba, awonta ya fitar da ita daga jerin bindigogin wasanni. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga babu lasisi, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara goma ne, ta kashi na biyu kuwa hukuncinta yana iya kaiwa shekara biyar.

Lasisin marigayi ba ya cikin abin da ake gada. Na mutum ɗaya ne, a kan bindiga ɗaya mai lamba ɗaya. Doka ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 daga ranar rasuwa ya riƙe bindigar ba tare da lasisi ba, kuma wannan wa'adi yana ƙarewa tun kafin a yi sadakar arba'in, a lokacin da hankalin iyali bai ma dawo jikinsu ba. Abin da ya dace shi ne babban ɗa ko wasiyyi ya sanar da rundunar 'yan sanda, wadda hedikwatarta ke Bompai, ya miƙa bindigar a ajiye a ma'ajiyar makamai ta hukuma, ya karɓi takardar shaida mai ɗauke da sunan kamfani da lambar bindigar. Wannan takarda ita za a kai gaban alƙali ko malamin da ke rabon, ba bindigar kanta ba.

Wajen sayarwa ma doka ba ta bar ƙofa a buɗe ba. Ba wanda zai yi sana'ar saye da sayar da bindiga sai dillalin da ke da rajista, kuma ko dillali ne ko mai ita, ba a miƙa bindiga ga kowa sai ya nuna lasisin da ya halatta masa riƙe ta. Lasisin kuma ba haƙƙi ba ne da za a tilasta wa hukuma ta bayar. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta same shi da laifin tayar da hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. A watan Agusta na 2023 kuma Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa rundunar ta dakatar da bayar da sabbin lasisi saboda yawan makaman da ke yawo a hannun jama'a. Duk lokacin da irin wannan dakatarwa ke aiki, masu sayen da suka rage ba su wuce dillalai masu rajista ba, kuma kayan da masu sayensa suka yi ƙaranci dole farashinsa ya faɗi, komai kyansa. Wannan ya yi daidai da abin da malamanmu na fiƙihu suka sharɗanta, cewa ciniki ba ya inganta sai mai sayarwa yana da ikon miƙa abin da ya sayar.

Idan an tabbatar akwai halattaccen mai saye, sai a koma kan bindigar. Kalmar "ba a taɓa harba ta ba" tana buƙatar gyara, domin a Jamus, inda kamfanoni irin su Anschütz da Walther da Feinwerkbau suke, doka ta wajabta a gwada bindiga mai cin harsashi da harbi kafin a sayar da ita, a kuma buga mata hatimin gwaji. Anschütz ma yakan haɗa bindigogin gasarsa da 'yar takardar da aka harba a masana'anta, mai nuna yadda harsasan suka taru wuri ɗaya. Wannan takarda ba ta rage daraja, ƙara ta take yi, kuma ya kamata a neme ta a cikin akwatin tare da rasit da takardun kwastam da na izinin shigowa da ita. Bindigar da ba a san ta inda ta shigo ƙasa ba, dillalin kirki ba zai ko taya ta ba.

Ajiya ma tana cin kaya. Laimar damina tana sa tsatsa a cikin bututu inda ido ba ya kaiwa, soson akwati yana riƙe danshi, bushewar hunturu kuma tana iya tsaga katakon gindinta. Mai aiki da iska ta fi saurin tsufa a kwance, domin robobin da ke toshe iskar suna bushewa, tukunyar iskar kuma tana da wa'adi, tun da ƙa'idar hukumar gasar harbi ta duniya ba ta yarda a yi amfani da wadda ta wuce shekara goma ba. Saboda haka bindigar da aka sayo a 2012 aka kulle, ko da sabuwa fil take a ido, mai saye zai cire kuɗin sabuwar tukunya da na robobi kafin ya yi tayi. Haka nan ɗan gasa ba mai tara kayan tarihi ba ne. Abin da yake nema shi ne bindigar da za ta dace da kafaɗarsa da kumatunsa, kuma tsohon samfuri mai katako ba ya gogayya da na yanzu mai jikin alminiyam, wanda ake daidaita kowace gaɓa tasa.

Hanyar lissafin da na fi natsuwa da ita ita ce a duba farashin da ake sayar da irin samfurin na hannu a ƙasar da aka ƙera shi, a juya shi zuwa naira da canjin ranar, sannan a cire kuɗin gyara da la'adar dillali da ragin da ƙarancin masu saye ya jawo. Kada a dogara da abin da ke rubuce a tsohon rasit, domin dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yuni na 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ko a kasuwar canjin kuɗi ta Wapa aka tambaya za a ji labarin. Wannan tashin yana ruɗin magada su ɗauka dukiya ce babba ta faɗo musu, alhali adadin yana nan ne a takarda kawai har sai an sami mai lasisi da kuɗi a hannu.

Shi ya sa nake ba da shawarar kada a ɗora bindigar a kan kason magaji ɗaya a matsayin kuɗi, domin idan lasisi bai samu ba, an zalunce shi, an ba shi abin da ba zai iya riƙewa ko sayarwa ba. A raba sauran dukiya, a rubuta bindigar daban da lambarta da inda take ajiye, magada su sa hannu cewa duk ranar da aka sayar da ita ta hannun dillali mai rajista, za a raba kuɗin bisa kason kowa. Idan kuma wani ya zo ta bayan gida da tayi mai tsoka yana cewa ba sai an wahala da takarda ba, a tuna lambar da ke jikin bututun tana nan a rajistar 'yan sanda da sunan marigayin, kuma duk inda aka tsinci bindigar, ƙofar gidansa za a fara ƙwanƙwasawa.