Sambatun Majinyaci da Gadon Jini: Inda Aka Fito

Wanda ya taɓa jinyar mai buguwar kai ya san abin. Da rana majinyaci ya gane kowa, har ya sha kunu. Da dare ya yi sai ya fizge ƙarin ruwa, ya kira matarsa da sunan babarsa, ya rantse akwai mutane a ƙarƙashin gado. A gida akan ce gigita ce ko sambatu, wasu su ce iskokai. Likitoci kuwa diliriyam suke cewa. Kalmar Latin ce da Celsus, wani marubucin Rumawa kan likitanci, ya yi amfani da ita tun ƙarni na farko, asalinta garma ta kauce daga kunya.

An daɗe ana ɗora laifin kan tsufa, zazzaɓi, magunguna da girman rauni, kuma ba ƙarya aka yi ba. Sai dai mutum biyu sukan zo da rauni iri ɗaya, ɗaya ya koma bakin sana'arsa, ɗaya ya kasa.

Maganar gadon jini ta shigo ne a 1993, lokacin da masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka alaƙanta nau'in e4 na ƙwayar gado APOE da cutar mantuwa ta Alzheimer. Ƙwayar tana da hannu wajen kai kitse inda ake gyaran jijiyoyin ƙwaƙwalwa, don haka likitocin raunin kai suka buɗe kunne. A 1997 Graham Teasdale da abokan aikinsa a Gilasgo ta Birtaniya suka bi majinyata 93 masu raunin kai. Bayan wata shida, kashi 57 cikin ɗari na masu e4 sun mutu ko sun nakasa ƙwarai, a sauran kuwa kashi 27 ne. Aka ɗauka an kama bakin zaren.

Ashe da sauran rina a kaba. A 2005 Teasdale ɗin ya maimaita aikin da mutum sama da dubu, bambancin ya dushe, sai ɗan abin da ya rage a yara da matasa. Wannan, a ganina, ya fi aikin farko daraja, don ba kowane masani ke fitowa ya rage wa kansa farashi ba.

Haka aka yi ta kai-kawo a kan diliriyam ma. A 2007 ƙungiyar Wes Ely a Jami'ar Vanderbilt ta ga masu e4 sun fi daɗewa cikin ruɗewa a ɗakin kulawa ta musamman, amma majinyata 53 kacal aka duba. Wasu suka bi tsofaffin da aka yi wa tiyata, ba su ga komai ba. Sai a 2025 masana a Edinbura suka tace bayanan mutum sama da miliyan ɗaya, APOE ta sake fitowa fili.

Yawancin waɗanda aka auna jinin Turawa ne, kuma abin lura ne a gare mu. Nau'in e4 ya fi yawa a Afirka, amma a binciken da ya haɗa Ibadan da Indiyanafolis tun shekarun 1990, tasirinsa kan mantuwa a Yarabawa bai kai na baƙaƙen Amurka ba.

Har yau ba a gwada APOE kafin a yi wa mai buguwar kai magani. Idan ya fara sambatu, abin da ake dubawa shi ne zubar jini a ka, zazzaɓi, gishirin jini, riƙewar fitsari da maganin barcin da aka ba shi.