Kumburi da tsagewar babbar jijiyar jini: tambayoyi da amsoshi

Mene ne kumburin babbar jijiya?

Babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya tana bi ta ƙirji ta gangara ciki, inda faɗinta bai cika wuce santimita 2 ba. Idan bangonta ya yi rauni sai ta riƙa buɗewa a hankali. Da ta kai santimita 3, kumburi ke nan. Yawanci ba ciwo ba alama, sai an je hoton ciki don wata larura a ci karo da shi.

Tsagewa da fashewa abu ɗaya ne?

A'a. Bangon jijiyar hawa uku ne. A fashewa duka ukun ke ɓallewa, jini ya zuba waje. A tsagewa kuwa na ciki ne ke yagewa, jini ya kutsa cikin bangon ya yi wa kansa hanya ta biyu, wadda kan toshe rassan da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ƙoda, hanji ko ƙafa. Ciwon tsagewa kan zo farat ɗaya, da cikakken ƙarfinsa tun farko, a ƙirji ko tsakanin kafaɗu. Wani lokaci awon hawan jini a hannu biyu ya bambanta. Abin tsoro shi ne yana kama da toshewar jijiyar zuciya, kuma maganin tsinka jini da ake ba wancan yana ƙara dagula wannan. Hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, shi ne ke raba gardama.

Idan sashen da ya fito daga zuciya ne ya tsage, tiyata ce nan take, domin a kwana biyun farko haɗarin mutuwa na ƙaruwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 kowace awa. Idan sashen da ya gangara ne, akan fara da magani: a sauko da bugun zuciya ƙasa da 60, adadin sama na awon jini kuma tsakanin 100 da 120.

Yaushe ake yi wa kumburin jijiyar da ke ciki aiki?

Idan ya kai santimita 5.5 ga namiji (ga mace akan fara tun daga 5), ko ya ƙaru da fiye da santimita 1 a shekara, ko ya fara ciwo. Ƙasa da haka bibiya ake yi da hoto. Aikin iri biyu ne: ko dai a buɗe ciki a ɗinka bututun roba, ko a zura shi ta jijiyar cinya. Na biyun ya fi saurin warkewa, amma sai an ci gaba da dubawa har iya rayuwa, don jini kan yi yoyo ta gefen bututun.

Wa ya fi shiga haɗari?

Maza daga shekara 65, masu hawan jini, masu cutar Marfan (cutar gado da ke raunana bangon jijiya), da wanda iyayensa ko 'yan uwansa suka yi. Ga kumburin jijiyar da ke ciki, taba sigari ce kan gaba. A Ingila ana gayyatar kowane namiji hoton ciki a shekarar da ya cika 65.