Hawan Alpe d'Huez da keke

Alpe d'Huez wani ƙaramin gari ne na shaƙatawa a tsaunukan Alps, a gundumar Isère da ke kudu maso gabashin Faransa, kimanin kilomita 60 daga birnin Grenoble. Da hunturu mutane kan cika shi don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, sana'ar da garin ya kama tun shekarun 1930. Da zarar ƙanƙarar ta narke sai titin da ke hawa zuwa garin ya koma hannun masu keke. Titin ya taso ne daga Le Bourg-d'Oisans, a gindin kwari, mita 720 ko kusa da haka sama da teku, ya ƙare a tsayin mita 1,850. Tsawonsa kilomita 13.8 ne, matsakaicin tsayuwarsa kashi 8.1 cikin 100, wato duk mita 100 da mutum ya ci a gaba ya hau sama da mita 8. Yana da kwanoni 21 masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Gasar Tour de France, babban tseren keken Faransa da ake yi zango-zango, ita ce ta yi masa suna, amma gasar yini ɗaya take zuwa, kuma ba kowace shekara ba. Sauran ranakun bazara na masu tuƙin nishaɗi ne: ma'aikata da ke hutu, dattawan da suka yi ritaya, ƙungiyoyin abokai daga Holan, Beljiyam, Ingila da Jamus.

Yanayin hanyar

Wanda ya baro Le Bourg-d'Oisans zai yi ɗan tuƙi a shimfiɗe, sai kawai hanya ta karya ta miƙe sama ba sallama. Kilomita biyu zuwa uku na farko, har zuwa ƙauyen La Garde, su ne mafi tsanani, domin tsayuwar tana kai kashi 10 har ta ɗara. A nan ne baƙi da yawa kan ɓata hawansu. Ƙafa na da ƙarfi, zuciya na ɗoki, sai mutum ya taka fiye da abin da zai iya riƙewa, ya zo ya biya bashin a sama. Bayan La Garde hanyar kan ɗan sassauta, ta ratsa daji, ta wuce cocin Saint-Ferréol a kwana ta 7, ta bi ta tsohon ƙauyen Huez, daga nan bishiyoyi su ragu, gine-ginen otal-otal su bayyana can sama kamar an kusa, alhali da sauran aiki.

Lambobin kwanonin daga sama ake ƙirga su zuwa ƙasa: ta 21 ce a gindi, ta 1 ce dab da gari. Kowace kwana na da allo mai ɗauke da lambarta, da tsayin wurin, da sunan wani da ya taɓa cin zangon Tour de France a nan. Da sunayen suka cika 21 sai aka koma gindi aka fara ninkawa, shi ya sa allon kwana ta 21 ke ɗauke da Fausto Coppi na 1952 da Lance Armstrong na 2001. Wannan ƙirge na baya-baya yana da tasiri a zuciyar mai hawa fiye da yadda ake zato. Wanda ya gaji ba ya tunanin kilomita 14, tunaninsa kwana ta gaba ce kawai. Ga kuma wata rahama ta injiniyoyin da suka shata titin: cikin kwanonin kansu, musamman ta gefen waje, hanyar kan kwanta kusan shimfiɗe, mutum ya samu daƙiƙu kaɗan ya ja numfashi ko ya kurɓi ruwa.

Akwai wurin ƙarewa biyu, abin da kan jawo gardama tsakanin abokai. Yawancin masu yawon buɗe ido kan tsaya a bakin gari, inda shagunan shayi da na kayan keke suke. Layin Tour de France kuwa yana can gaba da fiye da kilomita ɗaya, bayan an bi ta ƙarƙashin wata 'yar gada an ratsa gari. Duk wanda ya faɗi lokacin da ya yi, tambayar farko da za a yi masa ita ce a wane layi ya tsayar da agogo.

Yadda ya yi suna

A gaskiya Alpe d'Huez ba shi ne mafi tsayi ba, ba shi ne mafi wuya ba, kuma masu keke da dama za su ce ba shi ne mafi kyau ba. Mashigar Galibier, wata hanyar tsallake tsauni da ke kusa, ta kai mita 2,642, ta kuma fi shi ban sha'awa nesa ba kusa ba. Tarihi ne ya ɗaga shi. A 1952 aka fara kai Tour de France can, karo na farko da wani zango ya ƙare a kan tsauni, Coppi ɗan Italiya ya ci. Daga nan aka yi shekara 24 ba a koma ba sai 1976, lokacin da Joop Zoetemelk ya yi nasara. 'Yan Holan, waɗanda ƙasarsu shimfiɗe take kamar faranti, sun ci takwas daga cikin zanguna 14 na farko da aka ƙare a nan: Zoetemelk, Hennie Kuiper da Peter Winnen sau bibbiyu, sai Steven Rooks a 1988 da Gert-Jan Theunisse a 1989. Tun daga nan ake kiransa tsaunin 'yan Holan, kwana ta 7 kuma ta zama dandalinsu, inda suke cika hanya da tufafi ruwan lemo ranar gasa.

A 1984 Luis Herrera ya zama ɗan Kolombiya na farko da ya ci zango a gasar, a nan ya ci. A 1986 Bernard Hinault da Greg LeMond, 'yan ƙungiya ɗaya da ke takun-saƙa, suka iso layi hannu riƙe da hannu. Lokacin da aka fi ambata a matsayin mafi sauri shi ne na Marco Pantani a 1997, minti 37 da daƙiƙa 35, sai dai ya zo ne a zamanin da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya yi katutu a wasan, don haka ake kallonsa da ayar tambaya. Shi ma Armstrong an soke nasarorinsa na 2001 da 2004 a shekarar 2012. A 2013, gasa ta 100, sau biyu aka hau tsaunin a yini ɗaya, Christophe Riblon na Faransa ya ci. A 2024 gasar mata ta ƙare a nan: Demi Vollering ta ci zangon, amma Kasia Niewiadoma ta Poland ta riƙe rigar ruwan ɗorawa, wadda mai jan gaba a gasar gaba ɗaya ke sawa, da tazarar daƙiƙa 4 kacal.

Abin da ya bambanta keke da yawancin wasanni shi ne filin gasar titin gwamnati ne. Mai son ƙwallo ba zai wayi gari ya shiga filin da ake buga wasan ƙarshe ya taka leda ba. Mai keke kuwa, washegarin gasa zai hau kwalta ɗaya da zakarun, sunayensu da magoya baya suka rubuta da fenti na nan ƙarƙashin tayarsa, ba wanda zai tambaye shi ko sisi.

Abin da hawan ke nema daga jiki da keke

A shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce babbar abokiyar gabar mai keke, shi ya sa ake tafiya a jere, na baya ya laɓe a bayan na gaba. A hawa irin wannan gudu ya ragu, iska ta rage tasiri, nauyi ya zama komai. Lissafin ba shi da wuya. Mutum mai kilo 70 da keke da kayansa masu kilo 10 zai ɗaga kilo 80 zuwa sama kimanin mita 1,100. In ya yi haka cikin awa ɗaya da rabi, ɗaga nauyin kawai na cin wat 160 (wat ma'aunin ƙarfin aiki ne) ba tsayawa, ban da gogayyar taya da iska. In yana son ya gama cikin awa ɗaya, sai ya ba da wat 240 da ɗoriya. Shi ya sa masu hawa ke auna kansu da yawan wat a kan kowane kilo na jikinsu. Gama hawan ƙasa da awa ɗaya shi ne burin ƙwararrun masu nishaɗi. Mafi yawan mutane tsakanin awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa awa biyu suke yi, da gudun da bai wuce kilomita 7 zuwa 13 a awa ba, yayin da zakaru ke wuce 20.

Daga wannan lissafi kuma ake gane cewa kilo ɗaya da aka rage na sauƙaƙa wa mai awa ɗaya da rabi kamar minti ɗaya ne. Akwai masu kashe maƙudan kuɗi don rage gram 300 daga keke alhali tumbinsu na ɗauke da kilo biyar na banza, abin da masu keke da kansu ke yi wa juna ba'a a kai.

Giyar keke ta fi rashin nauyi muhimmanci. Kekunan titi na masu nishaɗi yawanci na da faifai biyu a gaba, mai haƙora 50 da mai 34, a baya kuma jerin faifai da babbansu kan kai haƙora 32 ko 34. Da 34 a gaba da 32 a baya, juyin feda ɗaya na tura keke mita 2.2. Wanda ke juyawa sau 70 a minti zai yi kilomita 9 da ɗan wani abu a awa, daidai da hawan awa ɗaya da rabi. Wanda ya zo da giya mai nauyi kuwa dole ya riƙa danna feda da ƙarfi a hankali, cinya ta ƙone, gwiwa ta ɗauki zafi. Yawanci a zaune ake hawa, a miƙe tsaye kan feda jefi-jefi don sauya tsokar da ke aiki da kuma huta wa sirdi.

Sai ci da sha. Jiki na ajiye sukarin da zai ishe shi aiki mai tsanani na awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In ya ƙare ba a ci komai ba, ƙafa kan mutu farat ɗaya, kai ya yi jiri, mutum ya kasa juya ko giya mafi sauƙi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce gram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a kowace awa, ayaba ce ko burodi ko 'yan fakitin zaƙi, a ci tun kafin yunwa ta zo. Gefen tsaunin na fuskantar kudu, duwatsun kan ɗauki zafi su mayar, saboda haka a watan Yuli da Agusta masu hankali da sassafe suke fita.

Gangarowa

Murnar isa sama kan sa a manta cewa hatsarin yana wajen dawowa ne. Iska kan yi sanyi da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, ga riga jiƙe da gumi, ga gudun da kan wuce kilomita 60 a awa, don haka ake cusa 'yar rigar tare iska a aljihun baya. Ƙa'idar birki ita ce a kama sosai kafin a shiga kwana, a saki a cikinta. Riƙe birki tun daga sama har ƙasa kan ɗumama rim, wato da'irar da taya ke zaune a kai, a kekunan da birkinsu ke kama rim, har taya ta iya fashewa, kuma wannan na cikin dalilan da birkin faifai ya yaɗu a 'yan shekarun nan. Titin a buɗe yake ga motoci, da manyan bas da motocin kayan gini. Dokar Faransa ta wajabta wa direba barin mita 1 a cikin gari, mita 1.5 a wajen gari, in zai wuce mai keke. Hular kwano dole ce ga yara 'yan ƙasa da shekara 12 tun 2017. Ga manya ba dole ba ce, amma da wuya a ga mai hawa a nan ba ita.

Tarukan masu nishaɗi

Mafi shahara shi ne La Marmotte, wanda aka fara a 1982, ake kuma yi a farkon bazara. Dubban mutane kan tashi daga Le Bourg-d'Oisans su yi kilomita 174, su tsallake mashigun Glandon, Télégraphe da Galibier, jimlar hawa kusan mita 5,000, sannan a ajiye musu Alpe d'Huez a ƙarshe, da rana tsaka, bayan kilomita 160 a ƙafa. A ranar ba abin mamaki ba ne a ga manya zaune a inuwar kwana sun jingina keke, wasu na tura nasu da ƙafa. Masu shiryawa sun daina ƙirga lokacin gangarowa daga Glandon saboda munanan hatsuran da aka yi a can.

Na biyu shi ne Alpe d'HuZes na 'yan Holan, sunan da aka haɗa daga Huez da kalmarsu mai nufin shida. An fara shi ranar 6 ga Yuni 2006 da mutum 66, manufarsa a hau tsaunin har sau shida a yini ɗaya don tara kuɗin binciken cutar daji. Yanzu dubbai ke zuwa, da keke da ƙafa, da yawansu ɗauke da hoton wani nasu da cutar ta kashe ko take ci.

Fasaha ma ta shigo. Manhajar Strava na ajiye lokacin duk wanda ya hau da na'urar GPS ta jera shi da na sauran, manhajar Zwift kuma ta kwaikwayi kwanonin 21 a 2018 ta yadda mutum zai hau su daga ɗakinsa, kekensa a ɗaure kan na'ura. Kekuna masu batir sun kawo wani rukunin, tsofaffi da iyalai da a da sai dai su bi da mota. A wasu kwanoni masu ɗaukar hoto kan zauna yini guda suna ɗaukar duk mai wucewa, su miƙa masa kati ya nemi hotonsa a intanet ya saya.

Wanda ba ya son komawa ta hanyar da ya zo yana da zaɓi. Daga ƙauyen Huez akwai siririn titi da aka sassaƙa a jikin dutse zuwa Villard-Reculas. Daga saman gari kuma akwai hanyar mashigar Sarenne, mita 1,999, wadda gasar 2013 ta gangara ta kanta: kwaltarta ta tsufa, ba shinge a wurare da dama, motoci ƙalilan ne, ana jin fiton marmot, wata dabbar tsauni mai kama da kurege da aka ara wa taron La Marmotte sunanta. Dusar ƙanƙara kan rufe Sarenne duk tsawon hunturu, amma babban titin mai kwana 21 ana share shi shekara zagaye saboda masu zuwa zamiya.